Sabuwar Waya Kafin Cikar Wa'adi: Yadda Ake Auna Asarar Soke Kwantiragi

A ƙasashe da dama, mutane ba sa sayen wayar hannu kuɗi hannu su riƙa sa mata kati. Kamfanin sadarwa ne yake miƙa wa mutum waya da layi tare, shi kuma ya sa hannu a kan cewa zai riƙa biyan wani adadi kowane wata har tsawon shekara biyu, wani lokaci ma uku. Tsarin yana da daɗi a ranar farko, domin mutum yana tafiya da wayar da bai biya komai a kanta ba, ko kuma ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Matsalar takan taso ne a tsakiyar tafiya, lokacin da batir ya fara gajiya, ko gilashi ya tsage, ko sabon samfuri ya fito ana ta tallarsa, alhali da sauran watanni kafin wa'adi ya cika. A nan ne mai waya yake tsayawa ya tambayi kansa ko ya dace ya soke kwantiragin ya karɓi sabuwa, ko kuwa ya daure har ƙarshe.

Kusan kowa da tambaya ɗaya yake farawa: nawa za a caje ni idan na fita? Idan adadin ya yi yawa sai ya tsorata ya haƙura, idan kuma wani kamfani ya yi alkawarin ɗauke masa nauyin sai ya ruga ya sa hannu. Duk waɗannan hukunce-hukunce biyu an gina su ne a kan lamba ɗaya tilo, kuma a ganina wannan lambar ba ta isa ta yanke hukunci ita kaɗai ba, domin mafi yawan kuɗin da ke cikinta mutum zai biya su ko ya fita ko ya zauna. Abin da ya kamata a ɗora a sikeli shi ne bambancin da ke tsakanin jimillar abin da zai fita daga aljihu idan an zauna da jimillar abin da zai fita idan an tafi, a cikin tsawon lokaci iri ɗaya. Wannan bambancin shi ne ainihin farashin gaggawa, kuma sau da yawa bai yi daidai da adadin da kamfani ya rubuta a matsayin tarar sokewa ba.

Kafin a kai ga lissafi, wajibi ne a gane cewa kuɗin watan da ake biya abu biyu ne aka dunƙule wuri guda. Akwai kuɗin hidima, wato kira da saƙonni da data, akwai kuma bashin wayar kanta wanda ake ragewa kaɗan-kaɗan. Shekaru da yawa kamfanoni sun ɓoye wannan rabo. A shekarar 2008, lokacin da iPhone 3G ta fito a Amurka, an tallata ta a kan dala 199 ga wanda ya amince da kwantiragin shekara biyu da kamfanin AT&T, alhali ainihin kuɗinta ya fi haka nesa ba kusa ba; ragowar yana cikin kuɗin wata. Saboda kamfanoni sun zuba wannan jari tun ranar farko, sai suka tsare ƙofar fita da tara mai nauyi. Kamfanin Verizon na Amurka ya ɗaga tarar soke kwantiragin manyan wayoyi zuwa dala 350 a 2009, AT&T kuma ya kai tasa dala 325 a 2010. Tun daga 2013 al'amarin ya fara sauyawa, lokacin da T-Mobile ya daina kwantiragin shekara biyu a Amurka ya koma sayar da waya a biya kaɗan-kaɗan, kuma a shekarar ce kamfanin O2 a Birtaniya ya fito da tsarin da ya raba kuɗin waya da kuɗin hidima zuwa yarjejeniya biyu. Verizon ya bi sahu a 2015, AT&T kuma a farkon 2016.

Wannan tarihin yana da amfani ga mai son fita a yau, domin ya haifar da nau'o'in kwantiragi mabambanta, kuma kowanne da irin hasarar da yake jawowa. A haɗaɗɗen kwantiragi, inda ba a raba kuɗin waya da na hidima ba, tarar sokewa takan kasance kuɗin dukkan watannin da suka rage, wani lokaci da ɗan ragi saboda hidimar da kamfani ba zai ƙara bayarwa ba. A rababben kwantiragi kuwa, abin da ya zama dole shi ne a biya ragowar bashin wayar, sannan a duba ko yarjejeniyar hidimar tana da nata wa'adin daban; a wurare da yawa, da zarar an biya bashin wayar, hidimar tana sakin mutum ba tare da wata tara ba. Wannan ya fi adalci, domin mutum yana biyan abin da ke hannunsa ne, wato wayar da za ta ci gaba da zama tasa.

Nau'i na uku shi ne wanda ya fi buƙatar a tsaya a kansa, saboda shi ne ya fi ruɗar mutane. Kamfani yakan ce ya ba da waya kyauta, ko da gagarumin rangwame, musamman idan an kawo tsohuwa an yi musaya. Amma a takarda, wayar bashi ce cikakke da za a biya cikin wata 36, kamar yadda manyan kamfanonin Amurka irin su Verizon da AT&T suke yi yanzu, rangwamen kuma ana sakinsa ne ɗigo-ɗigo, wata bayan wata, a matsayin ragi a takardar biyan kuɗi. A ɗauka wayar dala 1,080 ce, ana cajin dala 30 kowane wata ana kuma ɗauke dala 30 ɗin a matsayin ragi, don haka mai waya yana ganin sifili. Idan ya fita bayan wata 12, ragin yana tsayawa nan take, ragowar bashin kuwa, dala 720, yana faɗo masa gaba ɗaya, ga shi kuma tsohuwar wayar da ya ba da musaya ta riga ta tafi. A irin wannan tsari kamfani yana iya cewa da gaskiyarsa babu tarar sokewa, domin a rubuce babu ita, amma ƙofar fita tana da tsada fiye da tarar da aka yi ta kuka da ita a baya. Duk wanda ke cikin irin wannan yarjejeniya, tambayar da ta dace da shi ita ce adadin ragin da bai riga ya karɓa ba, domin shi ne zai salwanta.

Dokokin ƙasa ma suna da ta cewa, kuma sun bambanta sosai. A Tarayyar Turai, doka ta hana kwantiragin sadarwa na mabukata ya wuce wata 24, kuma Birtaniya ma tana kan wannan iyaka game da hidima, ko da yake bashin wayar, a matsayinsa na yarjejeniya ta daban, yana iya kaiwa wata 36. Kanada ta fi kowa fayyace lamarin: ƙa'idar da hukumar kula da sadarwa ta ƙasar, CRTC, ta kafa a watan Disamba na 2013 ta ce tarar sokewa ba za ta wuce rangwamen da aka yi a kan wayar ba, kuma dole ta riƙa raguwa daidai-wa-daida kowane wata har ta zama sifili a cikin wata 24. A Faransa, wata doka ta 2008 ta ba wanda ya cika wata 12 a kwantiragin wata 24 damar fita ta hanyar biyan kashi ɗaya cikin huɗu kawai na kuɗin watannin shekara ta biyu da suka rage, daga baya ma aka ƙara sassauta wannan.  Shi ya sa ba a ɗaukar shawarar wanda ke wata ƙasa a yi aiki da ita ido rufe, komai kyawun niyyarsa.

Yanzu sai lissafin kansa, kuma zan yi shi da lambobi na misali domin hanyar ta fito fili. A ce mutum yana kan haɗaɗɗen kwantiragi na wata 24, yana biyan dala 50 a wata, wanda idan aka fasa za a ga dala 30 na waya ne, dala 20 na hidima. Ya ci wata 16, saura 8, kuma kamfani ya ce tarar fitarsa dala 400 ce. Sabuwar wayar da yake so tana zuwa ne da kwantiragin wata 24 a kan dala 60, wato dala 40 na waya da dala 20 na hidima. Domin a yi adalci wajen kwatantawa, sai a ɗauki wata 32 masu zuwa a matsayin ma'auni.

Idan ya daure, zai biya dala 400 cikin watanni takwas ɗin da suka rage, sannan ya shiga sabon kwantiragi ya biya dala 1,440, jimilla dala 1,840. Idan kuma ya fita yau, zai biya tarar dala 400, da dala 1,440 na sabon kwantiragi, amma sabon zai ƙare da wuri da wata takwas, kuma a waɗannan watannin zai buƙaci layi kaɗai a kan dala 20, wato dala 160. Jimilla dala 2,000. Bambancin dala 160 ne, ba 400 ba. Idan aka lura, wannan adadin daidai yake da kuɗin hidimar wata takwas da ya biya wa tsohon kamfani bai mora ba. Sauran dala 240 da ke cikin tarar bashin tsohuwar waya ne, wanda yana wuyansa ko ya tafi ko ya zauna. Wannan shi ne ƙashin bayan lamarin: asarar da ke cikin soke haɗaɗɗen kwantiragi ita ce biyan hidima sau biyu a wata ɗaya, ga kamfanin da aka bari da kamfanin da aka koma.

Sai dai dala 160 ɗin ma ba ita ce magana ta ƙarshe ba, domin akwai abubuwan da suke ja ta sama da waɗanda suke ja ta ƙasa. A ɓangaren mai fita, tsohuwar wayarsa ta fi daraja yau fiye da yadda za ta yi bayan wata takwas, don haka idan ya sayar da ita yanzu zai rage asara. A ɓangaren mai jira kuwa, farashin sabbin wayoyi yakan sauka bayan wasu watanni da fitowarsu, musamman idan magajiyarsu ta kusa fitowa, kuma manyan masu ƙera waya irin su Apple da Samsung suna fitar da sabon samfuri kowace shekara. Wanda ya jira zai samu ko dai wannan wayar da arha, ko wadda ta fi ta a kan kuɗi makamancin wannan, kuma a ƙarshen wata 32 wayarsa za ta kasance mai shekara biyu, ta wanda ya yi gaggawa kuwa ta doshi shekara uku. Akwai kuma nauyin da lissafin jimilla ba ya nunawa, wato cewa dala 400 ɗin za ta fita ne a lokaci guda maimakon a rarrabe, a watan da kuma za a fara biyan sabon kuɗi mafi yawa. Ga wanda aljihunsa ke da sarari wannan ƙaramin abu ne, amma ga wanda zai ciwo bashi mai ruwa domin ya biya tarar, kuɗin ruwan ma dole ya shiga sikeli.

Akwai hanya ta uku wadda mutane da yawa ba sa tunawa da ita, kuma ita ce nake ganin ya kamata a fara gwadawa kafin kowace. Kwantiragi ya ɗaure mutum ne a kan biyan kuɗi, bai ɗaure shi a kan amfani da wata waya ta musamman ba. Zai iya sayen sabuwar waya daga wurin mai ƙera ta ko daga kasuwa, ya cire sim ɗinsa daga tsohuwa ya sa a sabuwa, ya ci gaba da biyan dala 50 ɗinsa yana morar hidimar, idan wa'adi ya cika ya koma tsarin layi kaɗai. A misalinmu, a ce wayar da kwantiragi zai karɓi dala 960 a kanta ana samun ta kuɗi hannu a kan dala 850. Jimillar za ta zama dala 400 na ragowar watanni, da 850 na waya, da 480 na layi na wata 24, wato dala 1,730. Ya samu sabuwar wayar yau, bai biya tara ba, bai biya hidima sau biyu ba, kuma ya fita daga ɗauri bayan wata takwas maimakon ya shiga wani sabo. Sharaɗin kawai shi ne ya iya fitar da kuɗin wayar, ko ya samu tsarin biya kaɗan-kaɗan marar ruwa daga mai sayarwa. Ba kullum ne farashin kuɗi hannu yake ƙasa da na kwantiragi ba, wani lokaci kamfanin sadarwa yana yin rangwame na gaske, amma ba za a san haka ba sai an ninka kuɗin wata da adadin watanni, an cire kuɗin layi kaɗai, an ga abin da ake biya a kan wayar kanta.

Tun kafin wannan ma, yana da kyau a tambayi dalilin son sabuwar. Idan batir ne ya gaji, canza shi ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin waya, kuma yakan dawo mata da ƙarfinta. Haka ma gilashin da ya fashe. Tsufan manhaja, wanda a da yake tilasta wa mutane sauya waya, ya ragu sosai, tun da Google ya yi alkawarin sabuntawa na shekara bakwai ga Pixel 8 a 2023, Samsung ma ya yi irin wannan alkawari ga Galaxy S24 a 2024.

Kamfanin da mutum yake ciki ba ya son ya tafi, don haka da ya ji maganar fita yakan gabatar da tayin sabunta waya kafin wa'adi. Wannan tayin yana iya zama alheri, yana kuma iya zama tsohon bashi cikin sabuwar riga. Wasu kamfanoni suna yafe watannin ƙarshe da gaske, musamman idan saura ɗaya ko biyu ko uku. Wasu kuwa suna ɗaukar ragowar su baza shi a kan sabon kuɗin wata, yadda mai waya zai ga ba a caje shi komai a yau ba, alhali zai biya a hankali cikin shekara biyu. Wasu sharaɗinsu shi ne a dawo da tsohuwar waya cikin ƙoshin lafiya, wanda ke nufin an biya tarar da waya maimakon kuɗi, kuma dole a tambayi kai nawa wayar za ta kawo da an sayar da ita a waje. Hanyar gane gaskiya ɗaya ce: a nemi farashin da kamfanin yake ba wa sabon shiga a kan wannan wayar da wannan hidimar, a kwatanta da wanda aka yi wa tayi. Idan na tsohon abokin ciniki ya fi tsada, bambancin shi ne tarar da aka ce an yafe.

Haka nan tayin da kamfanin hamayya yake yi na biyan tarar wanda ya sauya sheƙa. Yawanci yana da iyakar adadi, yana buƙatar a miƙa tsohuwar waya, a ɗauki tsarin hidima mai tsada, a kuma aika da takardar cajin ƙarshe cikin ƙayyadadden lokaci, kuma kuɗin yakan zo ne daga baya a matsayin kati ko ragi, bayan mutum ya riga ya biya tsohon kamfani daga aljihunsa. Idan tsarin da aka tilasta masa ya fi abin da yake buƙata da dala 10 a wata, cikin wata 24 ya mayar wa kamfanin dala 240 daga abin da aka ce an ba shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma a nan askin yana rubuce a cikin ƙananan sharuɗɗan da ke ƙasan talla.

Akwai kuma ƙananan ramuka da suke cinye ribar da aka lissafa. Idan layin yana cikin tsarin iyali, fitar mutum ɗaya tana iya ɗaga kuɗin sauran layukan, domin rangwamen ya dogara ne da yawansu. Idan an haɗa layin da intanet na gida ko talabijin, ragin haɗin yana iya faɗuwa. Inshorar waya, da agogon hannu ko ƙaramar kwamfutar da aka karɓa tare da layin, sau da yawa suna da nasu yarjejeniyoyin da ba sa mutuwa da mutuwar babbar. Sabon kamfani ma yana iya cajin kuɗin buɗe layi. Sai batun kulle waya a kan kamfani ɗaya, wanda yake rage darajarta a kasuwa: Kanada ta hana shi tun Disamba 2017, Birtaniya kuma tun Disamba 2021, amma a wasu ƙasashe, ciki har da Amurka, har yanzu kamfanoni da dama ba sa buɗe waya sai an gama biyan bashinta ko an cika wani wa'adi.

Kafin a biya ko sisi, ya kamata a bincika ko akwai ƙofar fita kyauta, domin doka ta tanadi wasu. Wanda ya ƙulla kwantiragi ta intanet ko ta waya a Tarayyar Turai da Birtaniya yana da kwana 14 na sake shawara, a Kanada kuma akwai kwana 15 na gwaji bisa wasu sharuɗɗa na yawan amfani da lafiyar wayar. Idan kamfani ya sauya sharuɗɗa ta yadda za su cutar da abokin ciniki, kamar ƙarin kuɗin da ba a ambata tun farko ba, dokokin Turai da Birtaniya sun ba shi damar fita ba tare da tara ba, galibi cikin wata ɗaya da samun sanarwa. Kalmar da ke da muhimmanci a nan ita ce "ba a ambata ba". Shekaru da dama kamfanonin Birtaniya suna rubuta a kwantiragi cewa kuɗi zai ƙaru kowace shekara gwargwadon hauhawar farashi da wani kaso a kai, don haka ƙarin bai buɗe wa kowa ƙofa ba. Sai daga 17 ga Janairu 2025 hukumar kula da sadarwa ta Birtaniya, Ofcom, ta wajabta a rubuta ƙarin ƙarara da fam da fene a sababbin kwantiragi. Rashin sabis mai ɗorewa a inda mutum yake zaune ko yake aiki ma hujja ce ta ƙorafi, amma tana buƙatar shaida, wato ranakun da abin ya faru da bayanan ƙorafin da aka shigar. Ko a irin waɗannan yanayi, yafe tarar hidima ba lallai ne ya shafe bashin wayar ba.

Duk wannan ba ya nufin fita kafin wa'adi kuskure ne a kullum. Idan wayar ta lalace ko ta ɓace, babu inshora, kuma da ita ake neman abinci, jira yana da nasa tsadar. Idan mutum yana kan tsarin hidima mai tsada ƙwarai, aka kuma samu wani mai rahusa sosai, ragin da zai samu kowane wata yana iya cinye tarar kafin watannin su ƙare, musamman a ƙasashen da doka ta taƙaita tarar ga bashin waya kaɗai. Kuma idan mutum ya yi lissafi ya ga gaggawar za ta ci masa dala 160, ya ce ya yarda ya biya wannan domin ya mori sabuwar waya wata takwas da wuri, wannan zaɓi ne na mai hankali da ya san abin da ya saya. Abin da nake jin takaicinsa shi ne mutum ya ɗauka kyauta ya samu, sai bayan wata uku takardun caji su nuna masa akasin haka, a lokacin da kwanakin sake shawara sun riga sun wuce.

Kishiyar wannan kuskure ma tana nan, kuma ta fi yawa a ɓoye. Wanda ya daure har wa'adi ya cika a haɗaɗɗen kwantiragi, sannan ya manta, yana iya ci gaba da biyan dala 50 ɗin nan alhali ya gama biyan wayar, wato yana zubar da dala 30 kowane wata a kan bashin da babu shi. Saboda haka ne Ofcom ta wajabta wa kamfanoni, tun Fabrairu 2020, su sanar da mutum tsakanin kwana 10 zuwa 40 kafin kwantiraginsa ya ƙare, tare da mafi kyawun farashin da suke da shi. Jamus kuma tun Disamba 2021 ta ba da damar fita da sanarwar wata ɗaya bayan cikar wa'adin farko, maimakon kwantiragi ya sabunta kansa na shekara guda kamar yadda ake yi a da. Haƙurin zama har ƙarshe ba ya haifar da riba sai idan an motsa a ranar da ƙarshen ya zo.

Idan an yanke shawarar tafiya, jerin matakan yana da tasiri a kan kuɗi. Da farko a nemi ainihin adadin tarar a rubuce, da ranar da aka lissafa ta, domin tana sauyawa da kowane wata, kuma wani lokaci jinkirin kwanaki kaɗan zuwa ranar caji ta gaba yana sauke kuɗin wata guda. A Birtaniya an sauƙaƙa wannan tun Yuli 2019: aika kalmar INFO zuwa 85075 yana kawo bayanin abin da za a caja, aika PAC zuwa 65075 kuma yana kawo lambar sauya kamfani wadda take aiki na kwana 30, kuma neman lambar ba ya soke komai sai an miƙa ta ga sabon kamfani. Wanda yake son riƙe lambar wayarsa kada ya soke tsohon layi da kansa, ya bari sabon kamfani ya ja lambar, domin layin da aka rufe yana iya tafiya da lambar, tare da duk asusun banki da na manhajoji da suke aiko da lambobin tantancewa ta cikinta.

Kuma kada a ɗauka dakatar da cire kuɗi daga banki yana nufin an soke kwantiragi. Kamfani zai ci gaba da lissafa watanni, ya ƙara tarar jinkiri, daga ƙarshe ya miƙa bashin ga masu karɓar bashi, kuma a ƙasashen da ake ajiye tarihin biyan bashin kowane mutum, wannan tabon yakan daɗe, har shekara shida a Birtaniya da bakwai a Amurka, yana tsaya wa mutum a gaba ranar da zai nemi rancen gida ko na mota, ko ma sabon kwantiragin wayar da ya jawo rigimar tun farko. A bar hanyar biyan a buɗe har takardar cajin ƙarshe ta zo, a duba ta layi-layi a kan adadin da aka bayar a rubuce, sannan a nemi shaidar cewa an rufe asusun babu sauran bashi, a adana ta.